Kujerar Nives

Safiyar Asabar ce a Vignola,
ceri ya nuna jawur a gonar maƙwabta,
ni kuwa ina durƙushe a simintin gareji,
gwiwa ɗaya cikin mota, ɗaya a waje,
littafin umarni buɗe a kan sitiyari
yana harara ta kamar malamin da ya san ban yi bita ba.

Motar babana ce. Ja, gajera, ƙofa biyu,
kujera biyu tak, ba ta san baƙo ba.
Da kuɗin sallamarsa na masana'antar tayil ya saye ta,
bazara uku ya mora, sai ya bar mini makulli
da ƙamshin tabarsa a jikin fata.

Tsoho Gualtiero ya leƙo ta kan shinge,
hannunsa har yau da baƙin man inji.
Ya ce, Ilaria, sayar da ita mana,
mai jaririya ba ta hawan walƙiya.
Na ce, zo ka riƙe mini tocila.

Da jakar iska na fara,
wadda ke kwance a ɓoye gaban kujera,
mai ceton babba, mai hallaka ƙarami.
Na murɗa makulli a gefen ƙofa na kashe ta,
ban yarda ba sai da fitila ta kama,
ban yarda da fitilar ba sai da na sake karantawa.

Na tura kujerar gefe baya, har ƙarshen dogonta.
Na cusa yatsu a tsagin fata
ina laluben zoben ƙarfe guda biyu.
Abin da na fara tarowa
alewar na'a-na'a ce, ta manne da takardarta,
irin wadda yake tsotsa in ya shiga kwana.
Na ɗan zauna. Gualtiero ya kau da kai,
ya haska rufi, inda babu abin gani.

Ƙas! Ƙugiyar dama ta kama, alama ta yi kore.
Ta hagu ta ƙi, ta tsaya a ja.
Na cire. Na mayar. Na zagi wanda ya ƙera ta.
Sai a karo na huɗu ƙarfe ya amsa wa ƙarfe.
Na sauke ƙafar kujera ta dafe ƙasan mota,
tsoho ya kama ta ya jijjiga
kamar mai kaɗo 'ya'yan itace.
Ko faɗin yatsa ba ta gusa ba.
Ya ce, hm. A bakinsa wannan yabo ne.

Sannan na ɗauko Nives, wata bakwai a duniya.
Na tuɓe mata rigar sanyi mai kauri,
don kauri maƙaryaci ne, yana ɓoye sako-sako.
Madauri kan kafaɗa, madauri kan kafaɗa,
na ja har ya kwanta,
na tsunkula, yatsuna ba su sami abin kamawa ba.
Ta kama gashina, ta yi mini atishawa a ido.

Baya take fuskanta, haka aka ce, haka na yi.
Ni ina kallon inda za mu,
ita tana kallon inda muka baro:
gareji, shinge, tsoho da tocila a kunne da rana tsaka.

Injin ya yi gurnani, yana neman tsaunin da ya saba.
Na ce masa, yi haƙuri, yau giya biyu ce rabonka.
A hanyar Marano wani mai keke ya wuce mu,
ya waiwayo, ya sake waiwayowa.
Ban taka ba.
Kafin mu kai gada ta yi barci,
alewar kakanta tana aljihuna.